Aminatou Seyni: 'Yar Nijar da ta kusa cin lambar duniya, da darasin 'yan tseren Indiya biyu

A ranar 21 ga Yulin 2022, mata takwas suka jeru a filin wasa na Hayward da ke birnin Eugene, a jihar Oregon ta Amurka, domin zagayen ƙarshe na tseren mita 200 a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Uku daga cikinsu 'yan Jamaika ne, biyu 'yan Amurka, ɗaya daga Birtaniya, ɗaya daga Suwizalan. Cikon ta takwas ɗin 'yar Nijar ce, haifaffiyar Dosso, Aminatou Seyni.

Shericka Jackson ta Jamaika ce ta lashe tseren a daƙiƙa 21.45. 'Yar ƙasarsu Shelly-Ann Fraser-Pryce ta biyo ta, sai Dina Asher-Smith ta Birtaniya da ta ɗauki lambar tagulla a daƙiƙa 22.02. Aminatou ta zo ta huɗu a daƙiƙa 22.12. Tazarar da ke tsakaninta da lambar yabo, idan aka auna a ƙasa, ba ta kai mita ɗaya ba.

A bayanta kuwa akwai Elaine Thompson-Herah, wadda shekara ɗaya kafin nan ta ci zinare a mita 100 da mita 200 a gasar Olamfik ta Tokyo. Nijar ba ta taɓa samun lamba a gasar tsere ta duniya ba, kuma babu ɗan ƙasar da ya taɓa matsawa kusa da ita kamar yadda Aminatou ta yi a ranar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mita 200 ba shi ne tseren da ta fi ƙwarewa a kai ba. Wata doka ce ta raba ta da nata tseren, kuma tarihin wannan doka ya bi ta ƙasar Indiya. Haka ma amsar tambayar da ya kamata Nijar ta yi wa kanta, wato me ake yi da 'yar tseren da ta zo ta huɗu, ana iya samunta a rayuwar wata Ba'indiya da ta zo ta huɗu shekaru 38 kafin Aminatou.

Daren Lozan

An haifi Aminatou Seyni a watan Oktoban 1996. Duniya ta fara saninta sosai ne a 2019, a jerin gasannin Diamond League, inda ake gayyato zaratan 'yan tsere su fafata a manyan birane.

A ranar 5 ga Yulin wannan shekara, a birnin Lozan na Suwizalan, ta yi mita 400 a daƙiƙa 49.19. Salwa Eid Naser, wadda aka haifa a Onitsha ta Najeriya amma take yi wa Baharen tsere, ita kaɗai ta riga ta, da daƙiƙa 49.17. A duk faɗin duniya, mata biyu ne kawai suka fi Aminatou sauri a mita 400 a shekarar.

Bayan wata uku aka yi gasar duniya a Doha, babban birnin Katar. Salwa ta ci zinare, Shaunae Miller-Uibo ta Bahamas ta ci azurfa, Shericka Jackson ta ci tagulla a daƙiƙa 49.47. Lokacin da Aminatou ta yi a Lozan ya fi na mai tagullar, amma ba ta cikin tseren. Hukumar guje-guje ta duniya ta hana ta shiga mita 400 bisa wata sabuwar doka, don haka ta koma mita 200, aka fitar da ita a zagayen kusa da na ƙarshe.

Tseren mita 200 da na mita 400 kowanne da irin horonsa. Mai mita 400 tana koyon tattala ƙarfi da jure gajiyar da ke kama cinyoyi a mita 100 na ƙarshe. Mai mita 200 kuwa tana bukatar tashi kamar kibiya da iya shan kwana ba tare da rage gudu ba. Aminatou ta sake koyon sana'arta tana da shekara 23.

A Olamfik ɗin Tokyo, wanda aka yi a 2021, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. A watan Yunin 2022 ta ci zinare a mita 200 da azurfa a mita 100 a gasar nahiyar Afirka da aka yi a tsibirin Morishiyos. Wata ɗaya bayan nan, a zagayen farko a Eugene, ta yi daƙiƙa 21.98, wanda ya zama sabon tarihi ga Nijar.

Dokar da ta bi ta Indiya

Dokar da ta canza rayuwar Aminatou ta shafi wani sinadari ne mai suna testosteron. Jikin mace da na namiji duk suna samar da shi, amma ya fi yawa sosai a jikin namiji, kuma yana taimakawa wajen gina tsoka. Akwai matan da ake haifa da halittar da ke sa jikinsu ya samar da shi fiye da yadda aka saba gani. Ba allura suka yi ba, ba ƙwaya suka sha ba. Yawancinsu ma ba sa sanin haka sai ranar da likitan gasa ya kira su.

A 2011 hukumar guje-guje ta duniya ta sa iyaka kan yawan wannan sinadari ga duk macen da za ta yi tsere da mata. Wadda ta fara kai ƙarar dokar ita ce Dutee Chand, 'yar Indiya, wadda aka haifa a 1996, shekara ɗaya da Aminatou.

Dutee 'yar masaƙa ce daga wani ƙauye a jihar Odisha. Ta fara gudu ne ba takalmi a bakin kogi, tana bin sawun yayarta da ita ma 'yar tsere ce. A watan Yunin 2014 ta ci zinare biyu a gasar matasan Asiya. Ana shirin tafiya gasar ƙasashe rainon Ingila a Glasgow sai aka cire sunanta, bayan wani gwaji da aka yi mata. Labarin ya fita a jaridu, yarinya 'yar shekara 18 ta wayi gari ana muhawara kan jikinta a bainar jama'a.

An ba ta zaɓin shan magani ko yin tiyata. Ta ƙi duka biyun, ta kai ƙara kotun sasanta rikicin wasanni ta duniya da ke Lozan. Hukumar wasanni ta Indiya ta mara mata baya, wasu lauyoyi daga Kanada suka tsaya mata. A watan Yulin 2015 kotun ta dakatar da dokar na shekara biyu, ta ce hukumar ba ta kawo isasshiyar hujjar kimiyya kan girman fifikon da sinadarin ke bayarwa ba.

Dutee ta koma fili. Ta je Olamfik ɗin Rio a 2016, ta ci azurfa biyu a gasar Asiya ta 2018 a Jakarta, ta kuma ci zinaren mita 100 a gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya a birnin Napoli na Italiya a 2019. Daga baya, a 2023, an dakatar da ita na shekara huɗu bayan an samu haramtaccen sinadari a gwajinta, batun da ba shi da alaƙa da shari'arta ta farko.

Hukumar ba ta haƙura ba. A 2018 ta fito da sabuwar doka wadda ta taƙaita ga tseren mita 400 zuwa mil ɗaya, ta kuma rage iyakar sinadarin zuwa rabin ta da. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta kai ƙara, amma a ranar 1 ga Mayun 2019 kotun ta ba hukumar gaskiya. Dutee ta tsira saboda mita 100 da 200 take yi. Aminatou, mai mita 400, ta faɗa ciki.

A watan Maris na 2023 aka sake tsaurara dokar. Ta haɗe dukkan wasannin guje-guje da tsalle-tsalle, aka kuma sake rage iyakar da rabi. Ƙofar mita 200 da Aminatou ta bi ta kai Eugene ita ma ta rufe, sai ga wadda ta yarda ta sha maganin rage sinadarin na tsawon watanni. Ba a ga Aminatou a gasar duniya ta Budapest a watan Agustan 2023 ba.

Hukumar na cewa an raba tseren maza da na mata ne saboda bambancin halitta, kuma idan ba a sa iyaka ba, sauran mata ba za su samu adalci ba. Akwai 'yan tsere mata da dama da ke goyon bayan wannan matsayi. Masu suka kuwa, ciki har da ƙungiyar likitoci ta duniya, wadda a 2019 ta nemi likitoci kada su aiwatar da dokar, suna ganin bai dace a sa mai lafiya shan magani don kawai ta yi wasa ba. Suna kuma nuni da cewa sunayen da suka fito fili kusan duk daga Afirka da Asiya ne: Semenya, Francine Niyonsaba ta Burundi, Margaret Wambui ta Kenya, Christine Mboma da Beatrice Masilingi na Namibiya, da Dutee.

Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, akwai abin da shari'ar Dutee ta nuna. Yarinyar da ta samu kanta a wannan hali tana bukatar likitan da zai yi mata bayani da harshenta, lauya, da hukumar ƙasarta da za ta rufa mata asiri ta kuma tsaya mata. Tun daga 1 ga Satumban 2025, duk macen da za ta shiga manyan gasannin duniya sai an yi mata gwajin ƙwayar halitta sau ɗaya. Ke nan duk 'yar Nijar ko 'yar Najeriya da za ta taso nan gaba za ta bi ta wannan ƙofa.

Ta huɗu a Los Anjelis

Ba'indiya ta biyu ta girmi su duka. Sunanta P.T. Usha, an haife ta a 1964, ta tashi a Payyoli, wani ƙaramin gari a bakin teku a jihar Kerala.

A 1976 gwamnatin Kerala ta buɗe sashen wasanni na 'yan mata a garin Kannur, inda ake karatu ana kuma horo. Usha na cikin 'yan mata 40 na farko. A can ta haɗu da mai horarwa O.M. Nambiar, tsohon sojan sama, wanda ya riƙe ta har ta zama gwana. Yawancin horonta a rairayin bakin teku ta yi shi. Tana da shekara 16 ta je Olamfik ɗin Mosko a 1980, aka fitar da ita a zagayen farko. A 1982 ta ci azurfa biyu a gasar Asiya a birnin Delhi.

Gabanin Olamfik ɗin Los Anjelis na 1984, Nambiar ya mayar da ita tseren mita 400 na tsallake shinge, wanda a shekarar ne aka fara yi wa mata shi a Olamfik. Tsere ne mai wuya: shinge goma, kowanne tsayinsa ya ɗan haura santimita 76, tsakanin kowane biyu mita 35. Sai 'yar tsere ta ƙirga takunta, domin idan ta iso shinge da ƙafar da ba ita ba, ta yi asarar lokaci. Usha ba ta fi 'yan watanni tana koyonsa ba.

A zagayen ƙarshe, ranar 8 ga Agustan 1984, Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinare, ta zama mace ta farko daga ƙasar Musulmi da ta yi haka a Olamfik. Judi Brown ta Amurka ta ci azurfa. A kan tagulla, Usha da Cristieana Cojocaru ta Romaniya suka iso layi tare, sai da aka duba hoto. Cojocaru ta yi daƙiƙa 55.41, Usha ta yi 55.42. Tazarar ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Indiya ba ta ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Usha ta koma gida aka tarbe ta kamar wadda ta ci. A 1985 ta kwashi zinare biyar a gasar guje-guje ta Asiya a Jakarta. A gasar Asiya ta 1986 a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, Indiya ta samu zinare biyar gaba ɗaya, huɗu daga ciki da ƙafar Usha aka same su. Lokacin da ta yi a Los Anjelis ya zauna a matsayin tarihin Indiya kusan shekara 40, sai a 2023 Vithya Ramraj ta kamo shi.

Bayan ta yi ritaya, a 2002 ta buɗe makarantar horar da 'yan mata a Kerala, inda ake zaɓo yara ta hanyar gwaji, a ba su wurin kwana da abinci da karatu da horo. Daga nan Tintu Luka ta fito, wadda ta kafa tarihin Indiya a mita 800 a 2010, ta kuma ci lambobi a gasar Asiya. A 2022 aka naɗa Usha 'yar majalisar dattawan Indiya, a watan Disamban shekarar kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci kwamitin Olamfik na ƙasar.

Daga Gangara zuwa Yamai

Darasin Kerala ya fi shafar wuraren da ba a taɓa fitar da 'yar tsere ba. A ɗauki Gangara ta Damargu, ƙaramar hukuma a gundumar Tanut ta jihar Damagaram, maƙwabciyar Belbeji. Ƙasa ce ta gero da kiwo, inda Hausawa da Buzaye da Fulani da Barebari ke zaune tare. 'Yan matan yankin sun saba da doguwar tafiya a rairayi, zuwa rijiya, zuwa gona, zuwa kasuwa. Filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai, inda aka yi gasar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, yana nesa da su da kusan kilomita 1,000.

Nisan ba shi ne babban shinge ba, tunda Usha ma a rairayi ta fara, Dutee kuma ba takalmi. Babban shingen shi ne shekaru. Usha ta shiga sashen wasanni na Kannur tana da shekara 12 zuwa 13. Ƙididdigar Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna kusan uku cikin kowace yarinya huɗu a Nijar ana aurar da su kafin su kai shekara 18. Yarinyar da ta bar makaranta daga firamare, ko da ta fi kowa gudu a garinsu, babu malamin da zai taɓa riƙe mata agogo.

Iyaye da yawa kuma suna da damuwa ta gaskiya kan sutura da cuɗanya da tafiyar 'ya mace nesa da gida. Wannan ma akwai misalan da ke amsa ta. Ruqaya Al-Ghasra ta Baharen ta ci zinaren mita 200 a gasar Asiya ta 2006 a Doha sanye da hijabi da kayan da suka rufe mata jiki. Makarantar Usha kuwa ta 'yan mata ce zalla, kuma karatu na tafiya tare da horo.

Nijar na da tubalan da za a iya ɗora irin wannan gini a kai. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu. A 2021 aka buɗe makarantar kwana ta 'yan mata a Kelle, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, domin 'yan karkara su samu ci gaba da sakandare. Ana yin gwajin motsa jiki a jarrabawar BEPC, kuma akwai cibiyar horar da malaman wasanni a Yamai. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan: malami da agogon auna gudu da fili mai awon mita 100, sannan hanyar da sunan yarinyar da ta yi fice zai bi daga makarantarsu zuwa Tanut, zuwa Damagaram, zuwa Yamai.

Ƙasar ta riga ta iya wannan aiki a wani fagen. Tun 1975 ake gasar kokawar gargajiya ta neman takobi. Ana tace 'yan kokawa daga ƙasa har kowace jiha cikin takwas ta fitar da goma, ana zagayawa da gasar jiha-jiha, gidajen rediyo da talabijin na watsawa, 'yan kasuwa da 'yan siyasa na zuba kyaututtuka. Ta wannan tsani ne Issaka Issaka na Dosso ya zama sunan da ko yaro ya sani. Aminatou ma 'yar Dosso ce, ta yi gogayya da manyan duniya, amma irin wannan tsani bai kai ga ƙannenta mata ba.

Lambobin Olamfik biyu kacal Nijar ke da su a tarihi: tagullar Issaka Daboré a damben zamani a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a takwando a Rio a 2016. Tsakaninsu shekara 44. Maƙwabciyarta Najeriya ta samu zakarar duniya ta farko a guje-guje a wannan gasa ta Eugene, lokacin da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a mita 100 na tsallake shinge, sannan ta ci zinare. Ita ma a makaranta aka gano ta, a Ijebu Ode, kafin ta samu gurbin karatu a wata jami'a a Amurka. Salwa Eid Naser kuwa, da ba ta samu abin da take bukata a gida ba, tutar wata ƙasa ta ɗaga.

Ga 'yan Damargu da ke Yamai da Kano da Agadas da Aljeriya da Turai, waɗanda ke tura kuɗi gida a gina masallaci ko a haƙa rijiya, agogon auna gudu da takalma 20 da kyautar gasar makarantu ba su kai kuɗin ragon layya biyu ko uku ba. Ga hukumomi kuma, akwai mace ɗaya a ƙasar da ta san yadda ake fitowa daga Dosso a kai zagayen ƙarshe na gasar duniya, ta kuma san abin da dokokin hukumar duniya ke iya yi wa yarinyar da ba ta da mai tsaya mata. Jihar Kerala ta ba P.T. Usha fili da tallafi ta gina makaranta. Aminatou Seyni ba ta wuce shekara 30 ba.